Kunnen Gwamnati da Aljihun Ma'aji: Sharhi a kan Kasafin Kuɗin Sauraro da Fassarar Labaran Ƙasashen Waje

I

Manufar wannan takarda ita ce ta duba wani aiki da aka fi shekara tamanin ana yi a Ingila da Amurka, watau sauraron gidajen rediyon ƙasashen waje da karanta jaridunsu, sa'an nan a juya abin da aka ji zuwa Turanci domin amfanin masu riƙe da mulki. Za mu taɓa tarihin aikin gwargwadon bukata, amma inda sharhin ya dosa shi ne hanyar da a ke bi wajen yanka masa kuɗi. Abin da ya ta da maganar kuwa shi ne rahotanni biyu da kwamitocin Majalisar Wakilan Ingila suka fitar a 2016: na Kwamitin Harkokin Waje a watan Oktoba, bisa shugabancin Crispin Blunt, da na Kwamitin Tsaro a watan Disamba, bisa shugabancin Julian Lewis. Duka biyu sun yi magana ne a kan sashen sauraro na BBC, wanda a ke kira BBC Monitoring.

Watakila mai karatu ya ce, ina ruwan masu nazarin harshe da lissafin Baitulmalin Ingila? Ruwansu shi ne, duk kasafin da aka tsara wa aikin fassara yana ɗauke da wani zato game da harshe, ko masu tsarawar sun sani ko ba su sani ba. Zaton da ya fi yawa shi ne, wai fassara kamar hatsi ta ke: a auna ta da mudu, a saye ta ranar da a ke bukata, in bukata ta wuce a daina saye. Abin da na ke so in nuna shi ne wannan zato bai tsaya a kan gaskiyar yadda harshe ya ke ba, kuma shi ne tushen yawancin ɓarnar da aka yi wa wannan aiki a ƙasashen biyu.

II

An kafa sashen sauraro na BBC a watan Agusta 1939, ana saura 'yan kwanaki Yaƙin Hitila ya ɓarke. Ya fara zama a Wood Norton, kusa da garin Evesham, sa'an nan a 1943 ya ƙaura zuwa wani babban gida mai suna Caversham Park a gefen birnin Reading. Da yawa daga cikin ma'aikatan farko 'yan gudun hijira ne daga ƙasashen Turai, masu ilmi, waɗanda suka sha harsunan da a ke son saurara tun a nono.

Amurka ta kafa nata a watan Fabrairu 1941, ƙarƙashin hukumar da ke kula da harkokin sadarwa, shi ne wanda daga baya aka sani da suna FBIS. Rahotonsa na farko na nazari ya fita ran 6 ga Disamba 1941, yana nuna cewa muryar rediyon Japan ta ƙara kaushi. Kashegari aka kai hari Pearl Harbor. Duk da haka, da yaƙi ya ƙare a 1945 Majalisa ta datse kuɗinsa har aka yi shirin rufe shi. Ma'aikatar Yaƙi ce ta karɓe shi, daga nan ya koma hannun hukumar leƙen asiri ta CIA a 1947. Bayan yaƙin ne Ingila da Amurka suka yi yarjejeniya su raba duniya tsakaninsu, kowa ya saurari nasa yanki, su riƙa musayar abin da suka fassara. A shekarun 1960 FBIS tana da tasha a Kaduna domin sauraron gidajen rediyon Afirka ta Yamma, BBC kuma tana da tata kusa da Nairobi domin Afirka ta Gabas.

Wanda ya bi tarihin kuɗin waɗannan ma'aikatu zai ga abu ɗaya yana ta maimaita kansa: in ana tsoro a zuba kuɗi, in hankali ya kwanta a janye. Da Tarayyar Sobiyet ta rushe a 1991 aka shiga rage FBIS, har a 1996 da 1997 malaman jami'o'i da ƙungiyar masana kimiyya ta Amurka suka yi ta kuka kada a kashe shi. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 sai ra'ayi ya juya. Kwamitocin bincike suka ba da shawara a ƙarfafa tattara labarin da ke fili, a watan Nuwamba 2005 aka faɗaɗa FBIS aka sake masa suna.

A Ingila kuwa, bayan wani bincike da Sir Quentin Thomas ya yi a 2005, gwamnati ta keɓe wa sashen sauraro kuɗi na musamman, sama da fam miliyan 20 a shekara. A watan Oktoba 2010 aka sake shawara: aka tsayar da kuɗin lasin talabijin da jama'a ke biya a kan fam 145.50, aka kuma ɗora wa BBC nauyin sashen sauraro, ta riƙa biya daga cikin wannan kuɗi tun daga Afrilu 2013. A watan Yuli 2016, sa'ad da kasafin sashen ya riga ya sauko zuwa kimanin fam miliyan 13, BBC ta ba da sanarwar za ta ƙara rage fam miliyan 4, ta sallami ma'aikata kusan 100 daga cikin kimanin 320, ta kuma bar Caversham. An bar gidan a 2018.

III

Wannan sanarwa ce ta jawo rahotannin nan biyu. Hukuncinsu kusan ɗaya ne: gwamnati ita ce babbar mai cin moriyar aikin, saboda haka kuskure ne da ta sauke nauyin biya a kan masu lasin talabijin, ya kamata ta koma ta ɗauki kayanta. Kwamitin Tsaro ya ƙara da jan kunne cewa barin Caversham zai raba ma'aikatan Ingila da takwarorinsu na Amurka waɗanda su ke zaune gida ɗaya, alhali kuwa yawancin abin da Ingila ke samu daga wajen Amurkawa ya ke fitowa. Har ya kawo shawarar in ta kama a mai da sashen wata hukuma ta gwamnati mai zaman kanta. Gwamnati ba ta karɓi shawarar mai da kuɗin ba.

A nan ina tare da kwamitocin. Ma'aikatar da aikinta shi ne shirya labarai da wasanni domin mutanen gida, in aka matsa mata ta yi tsimi, tilas ta fara da abin da mutanen gida ba su gani. Mai biyan lasin a Manchester zai yi kuka in an soke shirin da ya ke so, amma ba zai san an sallami mai sauraron rediyon Tashkent ba. Wannan sakamako a bayyane ya ke tun ranar da aka ƙulla shawarar 2010.

Inda na ga rahotannin sun gaza shi ne, nauyin bahasinsu ya faɗa kan tambaya guda, wa zai biya, da kuma batun gida. Sun yi juyayin asarar ƙwararrun ma'aikata, amma ba su warware wa ma'aji abin da ya sa ƙwararren mai sauraro ya bambanta da sauran kayan da gwamnati ke saye ba. Muddin ba a warware wannan ba, ko da kuɗin ya koma hannun gwamnati, da mudun da aka saba za a ci gaba da awo, kuma shekarar tsimi ta gaba za ta zo da irin wannan yanka. Akwai kurakurai uku cikin wannan awo, za mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

IV

Kuskure na farko shi ne auna aiki da yawan kalmomi. Mai tsara kasafi yana son abin da zai ƙirga: kalma nawa aka fassara a rana, awa nawa aka saurara, rahoto nawa aka aika. Amma aikin mai sauraro hawa uku ne. Na farko ya ji. Na biyu ya zaɓi abin da ya cancanci a kai gaba daga cikin tarin abin da ya ji. Na uku ya juya shi zuwa wani harshe. Ƙirga kalmomi hawa na uku kaɗai ya ke gani, alhali kuwa darajar aikin tana hawa na biyu, kuma zaɓe ba ya yiwuwa sai ga wanda ya san yadda gidan rediyon nan ya saba magana, har in ya kauce daga al'adarsa ya lura.

Ga misali. Ran 1 ga Mayu 1945 rediyon Jamus ya ce a dakaci wata muhimmiyar sanarwa, ya sa kiɗa. An ruwaito cewa Ernst Gombrich, ɗaya daga cikin masu sauraro a Caversham, wanda daga baya ya shahara a fannin tarihin zane-zane, ya gane kiɗan na Bruckner ne, wanda ya tsara domin makokin Wagner, ya ce lalle mutuwar Hitila za a sanar. Haka kuwa aka yi. Ran 10 ga Nuwamba 1982 gidajen rediyo da talabijin na Masko suka soke shirye-shiryen nishaɗi suka koma kiɗan juyayi, sai kashegari aka faɗi mutuwar Brezhnev. Mutanen Nijeriya da suka ga zamanin soja ba su bukatar a yi musu bayanin wannan: in aka wayi gari rediyo yana ta kiɗan badujala babu labarai, kowa ya san abin da ya faru kafin wani hafsa ya buɗe baki. A duk waɗannan, kalmomin da za a fassara ba su kai ko ɗaya ba. A littafin mai ƙirga, ranar ba a yi aiki ba ke nan.

Har wa yau, gwamnatoci su kan yi magana da habaici. Sa'ad da tsakanin Sin da Rasha ya fara tsami wajen 1960, ba su kama sunan juna ba. Jaridun Sin su kan zagi shugabannin Yugoslabiya, suna nufin Masko; Khrushchev kuma ya tsaya a babban taron jam'iyyarsa a watan Oktoba 1961 ya caccaki Albaniya, yana nufin Sin. Gugar zana ce irin wadda kowace kishiya ta sani: a daki jaki a bar taiki, ko a daki taiki domin jaki ya ji. Wanda aka ɗauko jiya aka ba shi takarda ya fassara zai kawo kalmomin daidai, ya ce ana rikici da Albaniya. Wanda ya shekara goma yana karanta jaridun nan shi zai ce manyan biyu ne su ke faɗa. Alexander George ya bi diddigin irin wannan hasashe cikin littafinsa na 1959 a kan nazarin farfaganda, inda ya gwada abin da masu nazari na Amurka suka hango daga rediyon Jamus da abin da takardun Jamus suka nuna bayan yaƙi, ya tarar mafi yawansa ya yi daidai.

Ko a hawa na uku ma, kalma ba ta da farashi ɗaya. A watan Nuwamba 1956, a ofishin jakadancin Folan a Masko, Khrushchev ya gaya wa jakadun ƙasashen Yamma wata magana mai kalma uku da Rashanci, aka juya ta da cewa za mu binne ku, aka ɗauke ta barazanar yaƙi. Masana Rashanci da yawa sun ce nufinsa tsarinmu zai fi naku daɗewa, mu za mu halarci jana'izarku. Bahaushe zai ce za mu ga bayanku, wadda ita ma tana ɗauke da fuskokin nan biyu. A Ruwanda kuma, a 1994, gidan rediyon RTLM ya riƙa kiran mutane su fita aiki, yana kiran waɗansu kyankyasai. Aikin nan kuwa kisa ne. Da aka zo shari'ar masu gidan a kotun duniya da ke Arusha, wadda ta yanke hukunci a watan Disamba 2003, sai da aka yi doguwar muhawara a kan ma'anar irin waɗannan kalmomi. Mai biya da mudu zai biya waɗannan kalmomi daidai da kalmomin rahoton farashin gyaɗa.

V

Kuskure na biyu shi ne zaton za a iya sayen gwaninta ranar da a ke bukatarta. Kasafin gwamnati na shekara ɗaya ne, in ya yi nisa a tsara na shekara uku ko huɗu. Renon mai sauraro ya fi haka daɗewa. Makarantar koyar da harsuna ta Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ta ƙiyasta cewa mai jin Turanci yana bukatar mako 44 na karatu ba fashi kafin ya iya aiki da Rashanci ko Hausa, mako 88 kuma kafin ya iya aiki da Larabci ko Sinanci ko Japananci. Wannan fa ya kai shi matsayin da zai yi magana a ofis ne kawai. Kafin ya kai inda zai gane habaici, ya san muryar kowane mai karanta labarai, ya tuna abin da ministan nan ya faɗa bara, sai an ƙara shekaru. Shi ma wanda ya tashi da harshen yana bukatar irin waɗannan shekaru kafin Turancinsa da sanin siyasarsa su nuna. Sallamar irin wannan mutum takarda ɗaya ce, ana kuwa ganin ribar a kasafin bana. Asarar ba ta bayyana a kowane shafi, sai ranar da aka neme shi aka rasa.

Ranar kuwa ta kan zo. Cikin mako guda bayan harin Satumba 2001 shugaban hukumar FBI ya fito fili yana roƙon masu jin Larabci da Farisanci su zo su taimaka. Yankan da aka yi wa sashen BBC a 2016 ya zo ne shekara biyu bayan Rasha ta ƙwace Kirimiya, shekara shida kafin ta afka wa Yukiren gaba ɗaya a 2022. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma tsarin biya gwargwadon bukatar masu saye ba abin da ya ke koyarwa sai wannan, domin mai saye bukatarsa ta yau ya sani, ba ya neman labarin ƙasar da ba ta kama da wuta ba tukuna.

Harshen Hausa ma ya ɗanɗani wannan. Bayan rikicin Maiduguri na 2009, musamman bayan sace 'yan matan Chibok a watan Afrilu 2014, duniya ta waiwayo tana son sanin abin da a ke faɗi cikin jawaban Abubakar Shekau, waɗanda ya kan cakuɗa Hausa da Larabci da Barbarci. Kafin nan wata gurguwar fassara ta riga ta bazu a jaridun Turai da Amurka, wai kalmar boko daga kalmar Turanci mai nufin littafi aka aro ta. Paul Newman ya nuna a 2013 cewa kalmar Hausa ce ta asali, mai nufin abin da ba na gaske ba, kamar yadda a ke cewa amaryar boko, daga baya aka laƙaba ta ga rubutu da karatun da Turawa suka kawo. Wanda ya san wannan zai fahimci tsohuwar tuhumar da kalmar ke ɗauke da ita, wanda bai sani ba zai kai wa shugabansa rabin magana. Yadda maganar mutanenmu za ta isa manyan biranen duniya ya dogara ga irin kunnen da aka biya ya saurare ta.

VI

Kuskure na uku shi ne sa ran na'ura za ta maye gurbin mutum, a kuma cire kuɗin mutum tun na'urar ba ta iso ba. Wannan buri tsoho ne. A watan Janairu 1954 Jami'ar Georgetown da kamfanin IBM suka nuna wata na'ura ta juya jimloli sittin da 'yan kai daga Rashanci zuwa Turanci, da kalmomi 250 da ƙa'idojin nahawu shida, aka ce nan da 'yan shekaru an gama da matsalar fassara. A 1966 kwamitin ALPAC ya duba ya ce fassarar na'ura ta fi ta mutum tsada, ba ta kuma kai ta kyau ba, aka janye kuɗin binciken. Gaskiya ne abin ya sake ƙwarai, musamman daga 2016 zuwa yau, har Google ta sa Hausa cikin harsunan da ta ke fassarawa tun 2013. Ba mai hankalin da zai ce a yi watsi da na'ura alhali abin da a ke bugawa a intanet a rana ɗaya ya fi ƙarfin dubban masu karatu.

Amma ƙarfin na'ura gwargwadon yawan rubutun da aka ciyar da ita ne, harsunan da suka fi ƙarancin rubutu kuwa sau da yawa su ne na wuraren da rikici ya kan ɓullo ba zato. Ban da wannan, rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. A duba wannan jimla: shugaba ya sauka. In an ja wasalin ya da sauti sama, labari ne, an ce mutumin ya bar mulki. In an gajarta shi da sauti ƙasa, bukata ce, ana neman ya bari. Kunnen Bahaushe ba ya rikita su a rediyo, amma a rubuce, a jikin kwalin masu zanga-zanga ko a saƙon wayar hannu, kamanninsu ɗaya, sai wanda ya san halin da a ke ciki zai raba. Haka kuma masu rubutu da yawa ba su sa lanƙwasa a kan haruffa, sai kare na tsaro da ƙare na gamawa su zama abu guda. Tsakanin an kare garin da an ƙare garin akwai rayukan mutane. Na'ura ta dace da tankaɗe, ta rage tarin da mutum zai duba. Hukunci kuwa na mutum ne, kuma kasafin da ya sayi rariya ya sallami mai tuƙa tuwo bai yi tsimi ba.

VII

Akwai wata riba da masu kasafi ba su kan sa a lissafi ba, domin ba gwamnatin da ta biya ce ke cin ta ba, watau taskar tarihi. Maganar rediyo iska ce, gidajen rediyo da yawa kuma ba su adana abin da suka watsa ba. Taƙaitattun labaran da BBC ta riƙa bugawa kullum har zuwa 2001, da rahoton kullum na FBIS wanda aka daina bugawa a takarda a 1996, su ne madogarar masu tarihi a kan jawaban juyin mulki da sanarwar gwamnatocin Afirka da Asiya da yawa. Amurka ta riƙa sayar wa jami'o'i da 'yan jarida waɗannan fassarori ta hannun Ma'aikatar Ciniki, amma a ƙarshen 2013 ta rufe wannan ƙofa. Tun da ya ke kuɗin ma'aikatar yana binne cikin kasafin leƙen asiri, wanda jimlarsa kaɗai a ke bayyanawa, jama'a ba su da hanyar sanin abin da aka yi tsiminsa balle su auna shi da abin da aka rasa. A Ingila an ga adadin, aka yanka shi a fili; a Amurka ba a gan shi ba, saboda haka da wuya a kare shi.

VIII

Adalci ne a saurari ma'aji shi ma. Zai ce harsunan duniya sun kai dubu bakwai, ba baitulmalin da zai iya ajiye mai sauraro ga kowanne. Zai ce kuɗin da aka ba wannan an hana asibiti ne ko makaranta. Zai ce kamfanoni masu zaman kansu suna sayar da irin wannan labari. Maganarsa ta farko gaskiya ce, tilas a yi zaɓe. Amma zaɓen ya kamata a yi shi a fili, a rubuta cewa bana mun toshe kunnenmu ga harshe kaza da kaza, wani ya sa hannu. Game da ta biyu, fam miliyan 4 da aka yi ta gardama a kansu a 2016 ba su kai ko kashi ɗaya cikin dubu takwas na abin da Ingila ke kashewa a kan tsaro a shekara ba, wanda ya haura fam miliyan dubu 35 a lokacin. Ran 28 ga Oktoba 1962 kuwa, da Khrushchev ya yarda ya janye makamansa daga Kuba, ta rediyon Masko ya aika da amsarsa domin wayar jakadanci tana ɗaukar awoyi, masu sauraro ne suka kama ta suka juya ta nan take. Game da ta uku, kamfani yana bin kasuwa ne, kasuwa kuwa ba ta biyan mutum ya zauna shekara goma yana sauraron ƙasar da ba a tambaya.

Saboda haka, ga abin da na ke gani ya kamata kasafin irin wannan aiki ya ƙunsa. Da fari a raba shi gida biyu: kuɗin gindi, wanda a ke yankawa na shekaru masu yawa ba a taɓa shi, da kuɗin gaggawa, wanda zai hau ya sauka da bukata. Na biyu, a rubuta shi harshe harshe, kowane harshe da aka zaɓa a ajiye masa aƙalla gwani da mataimaki da almajiri, domin kada ritayar mutum ɗaya ta kurmantar da gwamnati. Na uku, a bar auna aiki da yawan kalmomi, a riƙa komawa baya ana gwada abin da masu sauraro suka hango da abin da ya auku, kamar yadda George ya yi. Na huɗu, kada a cire kuɗin mutum saboda na'ura sai an jarraba na'urar a kan harshen nan kansa. Na biyar, a sa kuɗin adana fassarori da buɗe su ga masu bincike cikin kuɗin gindi. Na ƙarshe shi ne na kwamitocin Majalisa: wanda ke cin moriya shi ya biya.

Mu kuma da ke koyar da harshe da fassara a jami'o'i da kwalejojin horon malamai, akwai namu kason na laifi in muka ci gaba da ba ɗalibi sakin layi a takarda, ya juya, mu ƙirga kurakurai, mu ce ya iya fassara. Da irin wannan koyarwa ce ma'aji ya samo mudunsa. Ya kamata a sa ɗalibi ya saurari labaran gidan rediyo guda har tsawon zango, ya riƙa rubuta abin da aka faɗa da abin da aka bari, ya gwada yadda gidaje biyu ko uku masu watsa labarai da Hausa suka juya magana ɗaya, sa'an nan ya kare zaɓensa gaban 'yan'uwansa. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Sharaɗin dai shi ne a sami kunnen da aka rena tun da wuri, a kuma sami mai ciyar da shi a shekarun da ba a jin kome.